Ciwon Hanta da Gado: Me Ya Sa Wani Ke Warkewa, Ɗan'uwansa Ya Kwanta?

A gidajen Jiratawa, kamar na Tibiri da unguwannin Maradi, akwai maganar da ake yi ƙasa-ƙasa idan an dawo daga jana'izar magidancin da kumburin ciki ya ɗauke: "Ai ciwon gidansu ne." Sai a shiga lissafi, kawunsa ma haka ya tafi, yayarsa kuma an ce tana da shi. Wani lokaci maganar takan zarce har cikin neman aure, a fasa baiko a kanta. Amma idan aka auna jinin 'yan irin wannan gida, abin da ke fitowa yakan rikita lissafin. Uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaki ɗaya, akushi ɗaya. Wannan jininsa ya nuna ya taɓa kamuwa ya warke tas, bai ma sani ba. Wancan yana ɗauke da cutar shekara arba'in, yana noman raninsa lafiya ƙalau. Na ukun kuwa hanta ta lalace tun bai kai hamsin ba.

Shekara sittin ke nan masana suna bin diddigin wannan bambanci, kuma abin da suka tattara ya isa a yanke hukunci. Ita cutar ba a gadonta, kamuwa ake yi. Abin da mutum ke gada wajen iyayensa shi ne irin garkuwar da zai tarbe ta da ita. Wannan gado yana da tasiri, an auna shi, an san sunayen wasu daga cikin ƙwayoyin gadon da ke aikin. Sai dai a ƙasa irin tamu, nauyinsa bai kai na wasu abubuwa uku da ke hannunmu ba: shekarun da mutum ya kamu, abin da yake ci, da maganin da ya samu ko ya rasa.

Cuta biyar, suna ɗaya

Ciwon hantar da bairos ke kawowa iri biyar ne, likitoci suka laƙaba musu haruffa: A, B, C, D da E. Nau'in A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga, kuma yawanci sukan zo su wuce. Sai dai E ba ya raga wa mace mai ciki. A ɓarkewar da aka yi a jihar Difa a 2017, mata masu juna biyu ne suka fi yawa cikin waɗanda suka rasu. Nau'in B, C da D kuwa ta jini da sauran ruwan jiki suke bi, su ne masu zama daram a hanta shekara da shekaru, har su ƙeƙasar da ita ko su haifar da sankara. Shi D ba ya iya rayuwa sai a jikin da ke ɗauke da B.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B, miliyan 50 kuma da nau'in C. A shekarar sun kashe mutum miliyan 1.3, wato kusan 3,500 kowace rana, kuma kashi 83 cikin 100 na mace-macen aikin B ne. Nijar tana sahun ƙasashen da B ya fi kamari, inda ake lissafa masu ɗauke da shi sun haura 8 cikin 100. A Nijeriya, babban binciken ƙasa na 2018 ya sami 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 da B, da 1.1 cikin 100 da C. Ma'ana, a duk sahun masallaci ko layin awon ciki na mutum goma sha biyu, a ƙiyasi akwai ɗaya mai B, kuma mafi yawansu ba su san suna da shi ba.

Masanin da ya faɗa tarkon da muke faɗawa

Mai cewa "ciwon gidansu ne" ba shi kaɗai ya taɓa yin wannan zato ba. Baruch Blumberg, likitan Amurka da ya gano nau'in B, ba ciwon hanta ya fita nema ba. Aikinsa shi ne tattara jinin al'ummomi daban-daban don gano bambance-bambancen da ake gada. Har Nijeriya ya zo a 1957, ya ɗebi jinin mutane, ciki har da Fulani makiyaya. A 1965 ya bayyana wani baƙon sinadari da ya gani a jinin wani ɗan asalin Ostareliya. Da ya ga sinadarin yana taruwa a wasu gidaje yana tsallake wasu, sai ya ɗauka alama ce ta gado. Bayan 'yan shekaru ta bayyana cewa ɓawon bairos ne mai kama hanta. An ba shi lambar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya.

Duk da haka zaton nasa bai faɗi ƙasa banza ba. Binciken tagwaye da aka yi a Taiwan a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna cewa tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda gadonsu ɗaya ne kacokan, sun fi yin tarayya wajen riƙe cutar a kan tagwayen da ba su yi kama ba, alhali duka a ciki ɗaya suka kwanta, a gida ɗaya suka tashi. Ke nan akwai abin da ke cikin halitta. Sauran aiki shi ne a gano ko mene ne.

Abin da ake gada

Tsarin halittar kowane ɗan Adam a rubuce yake cikin ƙwayoyin jikinsa, da haruffan sinadari kusan biliyan 3, a ɗaure cikin kuromosom 23 sau biyu, rabi daga uwa, rabi daga uba. Tsakanin kowane mutum biyu, kusan 999 cikin kowane harafi 1,000 iri ɗaya ne. A ɗan ragowar nan ne ake samun bambancin tsawo da launi, da rukunin jini, da sikila, da kuma yadda jiki ke yaƙar cuta.

Abu na farko da ya kamata a gane game da nau'in B shi ne, bairos ɗin da kansa bai cika kashe ƙwayoyin hanta ba. Garkuwar jiki ce ke kashe su a ƙoƙarinta na kawar da shi. Idan ta tashi da ƙarfi a kan lokaci, mutum zai yi shawara ta 'yan makonni, ko ma ba zai ji komai ba, ya warke. Idan ta yi biris, bairos ya zauna. Mafi muni shi ne ta tashi rabi-rabi, ba ta kore shi ba, ba ta kuma ƙyale shi ba. Yaƙin shekara ashirin ko talatin ke nan, kullum ana ji wa hanta rauni tana warkewa da tabo, har tabon ya cinye ta.

To, yaya garkuwa ke gane ƙwayar hantar da ta kamu? Akwai wasu ƙwayoyin gado a kuromosom na 6 da ake kira HLA. Aikinsu kamar farantin talla ne. Suna ɗaukar gutsattsarin abin da ya shigo jiki su baje shi a fili, dakarun garkuwa su zo su duba. Sai dai farantan ba iri ɗaya ba ne. Dubban iri gare su, wani yana riƙe gutsuren bairos da kyau har a gan shi daga nesa, wani kuma gutsuren zamewa yake yi daga kansa. Kowa da irin da ya gada, kuma 'yan'uwan ciki ɗaya ma damar su dace gaba ɗaya ɗaya ce cikin huɗu. Wannan kaɗai ya isa ya raba makomar wa da ƙane.

Babbar hujja a kan haka daga Afirka ta Yamma ta fito. A 1995 Mark Thursz da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a Gambiya. Sun sami wani irin HLA mai suna DRB1*1302 a jikin kusan 27 cikin 100 na yaran da suka kori cutar, amma kusan 16 cikin 100 kawai a yaran da ta zauna musu. Abin sha'awa, tun a 1991 an nuna a Gambiyar cewa wannan irin yana cikin masu kare yaro daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da wataƙila ya sa ya yawaita a yankinmu. Amma mai karatu ya sake duba alƙaluman nan. Yawancin yaran da suka warke ba su da wannan irin, kuma wasu masu shi sun riƙe cutar. Gadon yana karkata sikeli ne kawai, ba ya yanke hukunci.

A 1997 masanan suka ƙara gano cewa wanda ya gaji iri biyu mabambanta, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, ya fi wanda ya gaji iri ɗaya sau biyu damar warkewa, don abin da ya kuɓuce wa wannan, wancan zai kama. A nan batun ya taɓo auren zumunci, wanda ya zama ruwan dare a ƙasar Katsina da Gobir, domin 'ya'yan dangi sun fi gadon iri ɗaya ta ɓangarorin biyu. Wani nazari na 2009 ya ga alaƙa tsakanin kusancin jinin iyaye da zaman nau'in B a jikin 'yan Afirka ta Yamma, amma bai ga haka a Italiya ba. Ishara ce da ta cancanci a bi ta, ba ta kai hujjar da za a tsaya a kanta a hana aure ba.

Daga baya na'urori suka ba da damar duba dubban ɗaruruwan wurare a tsarin halitta lokaci guda. A 2009 irin wannan bincike a kan mutanen Japan da Tailan ya sake nuna yankin HLA, a wani sashe mai suna DP. A 2012 ƙungiyar Li Wenhui a Beijing ta gano ƙofar da nau'in B da D ke bi su shiga ƙwayar hanta, wani furotin mai suna NTCP wanda asalin aikinsa jigilar sinadaran ɗaci ne. Akwai mutanen gabashin Asiya da suka gaji ɗan canji a wannan ƙofa, wanda ke sa bairos ya sha wuyar shiga. Canjin kusan babu shi a Afirka. Amma akwai maganin da ke toshe wannan ƙofa, bulevirtide, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2020 don masu nau'in D. Wannan ita ce babbar ribar irin wannan ilimi: a ga yadda halitta ta kare wasu, a kwaikwaya wa saura.

Darasin nau'in C

Babu inda tasirin gado ya fito fili kamar a nau'in C, wanda aka gano a 1989. Kusan kashi 30 cikin 100 na masu kamuwa da shi jikinsu kan kore shi da kansa cikin wata shida, saura ya zauna musu. Maganinsa a da allurar intaferon ce da ribavirin, kusan shekara guda ana sha da wahala, da zazzaɓi da kasala da ƙarancin jini, kuma kusan rabi ne ke warkewa a irin da ya fi taurin kai. Likitocin Amurka sun daɗe da lura cewa baƙaƙen fata ba su cika warkewa da shi ba kamar Turawa. An yi ta zarge-zarge, har da cewa ba sa bin ƙa'idar magani.

A 2009 amsa ta fito. Harafi ɗaya tak a kuromosom na 19, kusa da ƙwayar gado mai suna IL28B, shi ne ya bayyana kusan rabin wannan tazara. Wanda ya gaji harafin C ta uwa da uba ya ninka wanda ya gaji T biyu damar warkewa da magani. A shekarar aka kuma nuna cewa kusan rabin masu C biyu sukan kori cutar ba tare da magani ba, masu T biyu kuwa kusan ɗaya cikin huɗu. Harafin C ya game gabashin Asiya kusan baki ɗaya, yana da yawa a Turai, amma a yawancin al'ummomin Afirka bai kai rabi ba. A 2013 aka gano tushen abin: wata ƙwayar gado da ba a san da ita ba, IFNL4, wadda ke aiki a jikin yawancin 'yan Afirka, ta kuma mutu a jikin yawancin 'yan Asiya. Abin mamaki, masu ita a raye su ne suka fi shan wuyar korar cutar.

Da labarin ya tsaya nan, da sai a ce an haife mu da rashin sa'a. Amma a ƙarshen 2013 aka amince da sofosbuvir, sai sababbin magungunan haɗiya suka biyo baya, waɗanda ke far wa bairos kai tsaye ba tare da jiran garkuwa ba. Cikin kusan mako 12 suna warkar da fiye da 95 cikin 100, ko mutum C ya gada ko T. Gwajin IL28B da asibitocin Turai suka fara yi kafin ba da magani, cikin 'yan shekaru ya zama tarihi.

Masar ta nuna abin da hakan ke nufi ga ƙasa guda. A da ita ce ta fi kowace ƙasa yawan masu nau'in C idan aka auna da yawan jama'arta, ba don wani gado ba, sai don allurai marasa tsabta da aka yi wa miliyoyin mutane a yaƙi da tsargiya daga shekarun 1950 zuwa 1980. Daga 2018 ta auna jinin mutum fiye da miliyan 50, ta ba masu cutar magani da aka sarrafa a gida, har a Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar zinariya a kan hanyar kawar da cutar, ƙasa ta farko da ta samu. Halittar Misirawa ba ta canja ba a tsakanin nan.

Abin da ya fi gado nauyi

A koma kan nau'in B, wanda shi ne babbar damuwar jihar Maradi. Babu wata ƙwayar gado da aka gano da tasirinta ya kusanci na shekarun kamuwa. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, sau 9 cikin 10 cutar za ta zauna masa. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, kusan 3 cikin 10 ne ko fiye. Baligi kuwa, bai kai 5 cikin 100 ba. A ajiye wannan kusa da 27 da 16 na Gambiya, a ga wanne ya fi rinjaye.

Nan ne asirin "ciwon gida" yake. Uwa mai bairos da yawa a jini tana iya shafa wa 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya a wurin haihuwa, 'yarta ta girma ta shafa wa nata. Daga waje sai a ga kamar gado, alhali kamuwa ce ke bin zuriya. Bincike a Gambiya ya ma nuna cewa waɗanda uwayensu ke da cutar sun fi fuskantar lalacewar hanta daga baya. A Afirka ta Yamma kuma, yara da yawa a tsakanin junansu suke kamuwa kafin su isa shiga makaranta, ta ƙuraje da gyambo da 'yan raunukan wasa. Bairos ɗin yana iya kwana bakwai a waje bai mutu ba. Saboda haka askar wanzami ta ranar suna, da cire beli, da kaciya, da tsaga, da ƙaho, da rezar da 'yan gida ke karɓa-karɓa, duk hanyoyi ne idan ba a tsarkake kayan ba ko ba a sa sabo ba. Ba a raina sana'ar wanzanci, amma jaririn kwana bakwai shi ne mutumin da ya fi kowa rauni a gaban wannan cuta.

Shi kansa bairos ɗin B ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya mamaye Afirka ta Yamma, har da Nijar, shi ne dangin da ake wa laƙabi da E (ba nau'in E na gurɓataccen ruwa ba), kuma ba a cika samunsa a wajen nahiyar ba. Sakamakon da aka samu a Japan, inda wasu dangin ne ke yawo cikin mutane masu wasu irin HLA, ba lallai ya yi daidai da na mutumin Tibiri ba.

Gyaɗa, masara da rumbu

Abu na biyu yana cikin abincinmu. Gyaɗa ce ta gina arzikin Maradi da alhazanta tun zamanin Faransa har zuwa farin shekarun 1970, kuma har yau mai da ƙuli-ƙuli sana'ar dubban mata ce. Masara ma ana nomanta a fadamar gulbi. Waɗannan biyun su ne abin da wata funfuna ta fi so, wadda ke fitar da guba mai suna afalatoksin idan amfani ya sha fari a gona ko aka adana shi da danshi. Dahuwa da suya ba sa kashe gubar.

Afalatoksin da nau'in B idan suka haɗu, ba tarawa ake yi ba, ninkawa ake yi. Binciken da aka bi maza fiye da 18,000 a Shanghai ya nuna cewa gubar kaɗai tana ninka haɗarin sankarar hanta kusan sau 3, bairos kaɗai kusan sau 7, su biyun tare kusan sau 60. A 1991 aka gano tambarin da gubar ke bari: canjin harafi ɗaya a wuri na 249 na ƙwayar gado mai suna TP53, wadda aikinta shi ne hana ƙwayoyin jiki haukacewa su zama sankara. An gan shi a marasa lafiya na kudancin Afirka da na Qidong a ƙasar Sin, daga baya a Gambiya. Abin lura shi ne, wannan canji a cikin hanta yake faruwa bayan an haifi mutum. Ba daga uba ya zo ba, ba ya kuma wucewa ga ɗa. 'Yan gida ɗaya suna tarayya a kansa ne domin daga rumbu ɗaya suke ci.

Akwai alamun cewa mutane sun bambanta ta gado wajen yadda hantarsu ke narkar da gubar, amma abin da aka tabbatar da amfaninsa ya fi wannan sauƙi. A ƙauyuka 10 cikin 20 da aka yi bincike a kansu a yankin Kindiya a Gini, an koya wa manoma tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa da hannu, shanya ta a kan tabarma maimakon ƙasa har ta bushe sarai, zuba ta a buhun da iska ke ratsawa, da ɗora buhunan a kan katako. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna alamar gubar a jinin mutanen ba ta kai rabin ta mutanen ƙauyukan da ba a koya wa ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin manomin Jiratawa. Abin da ya fi haɗari shi ne al'adar ware mai kyau a kai kasuwa, a bar lalatacciya a yi ƙuli-ƙulin gida da ita.

Tarihin gida a matsayin gwaji

Wannan ba ya nufin a yi watsi da lissafin da tsofaffi ke yi. Sankarar hanta ta fi kama maza, ninki biyu zuwa uku a kan mata, kuma a Afirka kudu da Sahara da wuri take zuwa. Wani nazari na asibitocin nahiyar da aka buga a 2017 ya sami matsakaicin shekarun marasa lafiya a wajen Masar 46 ne, kuma rabinsu ba su wuce wata biyu da rabi ba bayan an gano cutar, saboda a makare suke zuwa. Mai nau'in B da aka taɓa yin sankarar hanta a gidansu ya fi sauran haɗari, ko dalilin gado ne, ko irin bairos ɗin da ke yawo a gidan, ko rumbu, ko duka ukun.

Shi ya sa sabuwar ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta Maris 2024 ta sa tarihin sankara ko ƙeƙashewar hanta a dangi cikin dalilan da suka isa a fara ba mai nau'in B magani. Maganin, tenofovir ko entecavir, ba ya fitar da bairos gaba ɗaya, amma yana danne shi ya rage haɗarin lalacewar hanta ƙwarai. Ke nan abin da ake ɓoyewa don gudun gori, shi ne bayanin da likita ya fi buƙata. Gwajin ƙwayoyin gado ba ya cikin abin da ake nema kafin a yi wa mutum magani. Tambaya ɗaya, "wa ya rasu da ciwon hanta a gidanku?", ta tsaya a madadinsa kyauta.

Kuma ba duk mai ɗauke da cutar ne mara lafiya ba. A aikin aune-aunen da aka yi gida-gida a Gambiya, wanda aka buga a 2016, kusan 9 cikin 100 aka samu da ita, amma cikinsu kusan 1 cikin 20 ne kawai ke buƙatar magani nan take bisa ƙa'idar lokacin. Saura sa ido ne da komawa awo. Wanda ba shi da ita kuma, idan ya yi allurar riga-kafi cikakkiya, yana iya auren mai ita cikin kwanciyar hankali. Batun ya sha bamban da na sikila, inda haɗuwar AS da AS ke jefa 'ya'ya cikin haɗarin da allura ba ta karewa.

Gibin da ya rage

Afirka ta fi kowace nahiya yalwar bambancin halitta, amma 'yan asalinta ba su wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu ba. Shirin H3Africa, da ya karanta tsarin halittar mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, ya ba da rahoto a 2020 cewa ya ci karo da bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Gambiya ta zama abin misali ne domin an zauna an bi ƙauyuka shekara da shekaru, an kuma fara babban aikin riga-kafin jarirai a can tun 1986. Maradi tana da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo da sashenta na kiwon lafiya, da manyan asibitoci, da wurin karɓar gudummawar jini inda ake auna kowace leda. Kayan fara irin wannan aiki suna nan, muddin za a yi shi da yardar mutane, a kuma dawo musu da sakamakonsa.

Amma kada jiran bincike ya zama uzuri. Ko amsar jiki ga allurar riga-kafi akwai hannun gado a ciki, kamar yadda binciken tagwayen Gambiya na 2004 ya nuna, duk da haka allurar tana kare fiye da 95 cikin 100 na jariran da suka kammala ta. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, sankarar hanta a yara ta ragu sosai. Nijeriya ta sa ta cikin alluran yara a 2004, Nijar a 2008 cikin allurar nan mai haɗe da cuta biyar. Sai dai wadda ake farawa a mako na shida ba ta tare kamuwar ranar haihuwa. Wannan sai allurar cikin awa 24 na farko, wadda a 2022 kashi 18 cikin 100 kacal na jariran yankin Afirka suka samu.

Hukuncin dai a fili yake. Gado yana da rabonsa a ciwon hanta, amma shi ne rabon da ba mu da iko a kansa, kuma shi ne mafi ƙanƙanta. Mai ciki ta nemi a auna mata nau'in B a wurin awo, ta haihu a likita, a tambayi allurar ranar farko. Mai gida ya sayi sabuwar reza ranar suna, ya hana a ci gyaɗar da ta yi funfuna. Gidan da aka taɓa rasa wani da ciwon hanta, a tafi awon jini gaba ɗaya, manya da yara, a kuma faɗa wa likita gaskiya. Masu neman aure su daina gudun gida saboda jita-jita: a auna, wanda ba shi da ita a yi masa allura, mai ita ya ga likita.